YADDA NA HAƊA WA KAWU SAUNA MAI INFIRARED, DA SHAFIN DA NA ƘI KARANTA MASA

 Yau ba filashin za mu yi ba, ba kuma canjin sikirin ba. Wani aiki ne da na yi a gidan kawuna lokacin hunturun da ya wuce, kuma har yanzu in na tuna wani ɓangarensa sai na ji babu daɗi.

Ranar da Kawu ya kira ni ya ce in zo da kayan aikina zan haɗa masa sauna, sai da na cire wayar daga kunne na sake duba lambar. Mu dai a Hausarmu sauna shi ne wawa, wanda za ka aika sayen gishiri ya dawo maka da sukari. Na ce, "Kawu, wane ne saunan?" Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai ne, in ba ka iso kafin la'asar ba."

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da na gama sakandare na zauna shekara guda ba aikin fari ba na baƙi, shi ya kai ni wurin koyon gyaran waya ya biya kuɗin. Shi ya saya mini bulowa da mita na farko, shi ya kama mini teburi a Farm Centre. Saboda haka in ya ce zo, ba a tambayar me ya sa. Harkar yadi yake yi, yana zuwa Chaina, kuma ya daɗe yana fama da ciwon baya da gwiwa. A wani masauki can ya shiga abin ya ji jikinsa ya saki, sai ya sa aka cusa masa guda a kwantena tare da kayansa. Da na isa na tarar da manyan kwalaye uku a jingine a baranda, Hajiya matarsa tana tsaye tana kallonsu kamar an kawo mata kishiya. Ta ce, "Garin da a watan Afirilu ake kwana a tsakar gida saboda zafi, shi ne aka sayo zafi da kuɗi." Kawu bai tanka ba.

Bari in ɗan faɗi mene ne abin, don ni ma a daren ranar na zauna na karanta. Kalmar daga Finlan ta fito. Tasu ta asali ɗaki ne na katako da murhu mai duwatsu, ana gasa duwatsun, iskar ɗakin ta kai digiri 80 zuwa 100, a riƙa watsa ruwa a kan duwatsun tururi na tashi. Ta fi kama da siracenmu, sai dai babba ce. Wadda Kawu ya sayo daban take. Babu dutse, babu ruwa, babu tururi. Akwati ne na katako mai cin mutum biyu a zaune, da ƙofar gilas, an liƙa wasu baƙaƙen faifai a bayanka da gefenka da wajen ƙafafu. Faifan nan su ne hitocin. In sun yi zafi suna fitar da infirared, shi ke dukan fatarka kai tsaye, iskar ciki kuwa tsakanin digiri 45 zuwa 60 take tsayawa.

Infirared ɗin ba baƙo ba ne a wurinmu, sunan ne kawai baƙo. Wanda ya taɓa jin ɗumin garwashi da asubar hunturu ya san shi: iska na busawa da sanyi, bayanka na rawar ɗari, amma fuskarka da tafin hannunka sun yi ɗumi. Haske ne da ido ba ya gani, yana zaune ne gaba kaɗan da jan launi. Wani masanin taurari a Ingila mai suna William Herschel ya gano shi a 1800, lokacin da ya raba hasken rana launi-launi yana auna zafin kowanne, sai ya ga bayan ja, inda ba a ganin komai, ma'aunin ya fi hawa. Rimot ɗin talbijin da shi yake aiki. Ka buɗe kyamarar wayarka, ka nuna mata kan rimot, ka danna kowane maɓalli, za ka ga ɗan haske na ƙyaftawa a sikirin alhali idonka bai ga komai ba. In kyamarar baya ta ƙi nunawa ka gwada ta gaba, wasu wayoyin an sa wa ta bayan abin tacewa. Da haka muke gane rimot mai rai da matacce a shago. Wayoyin Redmi da yawa ma suna da ɗan idon nan a samansu, shi ya sa suke kashe AC da talbijin. Amma na sauna zangonsa ya fi tsawo sosai, kyamarar waya ba ta kama shi, kada ka nuna ta ga faifan ka ga duhu ka ce ya mutu.

Abu na farko da na yi, kuma shi kaɗai nake alfahari da shi a duk aikin, kafin in yanke tef ɗin kwali na biyu sai da na nemo takardar da aka liƙa a akwatin wutar. An rubuta 220V zuwa 240V, 50Hz, 1900W. Na yi ajiyar zuciya. Wutarmu 230V ce a ƙa'ida. Yawancin waɗanda ake yi don kasuwar Amurka 120V suke sha, kuma a ido ba su da bambanci da namu. Ka jona irin wannan a soket ɗinmu, to kafin ka ce kwabo fanel ya tashi aiki.

Haɗawar ita kanta ba ta kai canjin aisin caji wahala ba, sai dai aikin mutum biyu ne. Na tafi da yaron shagona. Muka zaɓi wani ɗan ɗaki kusa da na Kawu, busasshe, mai tayil. Ba a ajiye ta a banɗaki ko inda ruwan sama ke feshi. Na ɗora waya a ƙasa da manhajar awon daidaito na ga gefe ɗaya ya ɗan gangara, muka tokare da siririn katako, don in ƙasa ta karkace ƙofar gilas ba za ta rufu daidai ba. Aka fara da shimfiɗar ƙasa, aka bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninta da bangon ɗaki. Sai bangon baya, yaron ya riƙe, na kawo na dama da na hagu. Kowanne yana da maƙalai a waje irin na akwatin ƙarfen 'yan makarantar kwana, ka ja ka danna ya ce ƙas. Daga nan bencin zama da hitar da ke ƙarƙashinsa, wadda dole ka jona filoginta kafin ka rufe da bencin. Mu mun manta, sai da muka sake cirewa. Sannan bangon gaba mai ƙofa, sai rufi a ƙarshe.

Gilashin ƙofar nan a yi hattara da shi. Irin gasasshen gilas ne, fuskarsa na da ƙarfi amma kusurwarsa ba ta son wasa. Ya daki tayil da kusurwa, zai tarwatse kamar an zubar da ƙanƙara. Kwali muka shimfiɗa kafin mu tsayar da shi.

A kan rufin duk wayoyin suke haɗuwa. Kowane bango yana da kebul da ke fitowa ta samansa, ka zura ta ramin rufi ka kai akwatin wuta. Nan ne aikin ya zama nawa. Wanda ya saba maida fileks ɗin sikirin mazauninsa ba zai sha wahala ba: kowane filogi da lambarsa, ka tura har ka ji ya zauna, ka ɗan ja baya ka tabbatar. Filogin da bai zauna sosai ba shi ne ke yin zafi daga baya ya narke. Akwai kuma wata 'yar siririyar waya mai kan baƙi da ke leƙowa cikin akwatin ta sama. Ita ce mai auna zafi, irin tamista ɗin da ke cikin batirin waya, wanda ke sa wayarka ta ce ta daina caji saboda zafi. In ta maƙale a cikin katako ba ta leƙo ba, injin zai ɗauka ciki bai yi zafi ba ya yi ta hurawa. Kafin in rufe saman na ɗauki hoton yadda komai yake, kamar yadda nake yi kafin in kwance kowace waya. Awa biyu da 'yan mintuna muka gama.

Sai kuskure na farko. Kebul ɗinta bai kai soket ɗin bango ba, ya rage kamar taku biyu. Kawu yana tsaye a kaina yana ɗokin gwadawa, magariba ta kusa. Na ce a kawo ekstenshan. Aka ciro wanda ke falo, irin mai fitila ja da ake jona talbijin da dikoda. Muka kunna, fanel ya kawo, lamba ta fara hawa: 24, 27, 31. Kowa na murna. Bayan kamar minti ashirin Hajiya ta leƙo ta ce tana jin ƙaurin roba. Na taɓa kebul ɗin ekstenshan na ji ya yi laushi kamar taliyar da ta nuna, bakin soket ɗin ya fara baƙi. Na kashe daga bango na fizge. Labulen taga yana lilo a daidai kansa. Wallahi da Kawu ya shiga ya rufe ƙofa mu kuma muka tafi masallaci, ban san labarin da za a bayar ba.

Lissafin da ya kamata in yi tun farko mai sauƙi ne. Ka raba wat da boltej: 1900 a raba da 230 ya ba ka amfiya 8 da ɗan ɗoriya. Soket mai ƙafa uku na 13A zai ɗauka in na kirki ne. Amma ekstenshan ɗin kasuwa, komai aka rubuta a jikinsa, ka yanke za ka ga 'yan silin waya kamar gashi. Kuma wannan ba kamar ketul ba ce da za ta tafasa a minti biyar ta kashe kanta, awa guda za ta yi tana ja. Na faɗa wa Kawu gaskiya cewa nan iyakata, ni mai gyaran waya ne, aikin bango na masu shi ne. Washegari muka kira mai gyaran wuta ya ja mata layinta ita kaɗai daga allon birekoki, da jan waya mai kauri 2.5, da birekarta ta daban, ya tabbatar da wayar at ta haɗu da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Na nace aka ƙara irin birekar nan mai gane yoyon wuta, ta 30mA. Mutum ne zai zauna ciki jiƙe sharkaf da gumi, hita a bayansa da ƙarƙashinsa, ba wurin rowar kuɗin bireka ba ne.

Wani abin da littafin bai faɗa ba, don masu rubuta shi ba su san halin wutarmu ba: in wuta ta zo rabi, ba rabin matsala ba ce kawai. Ƙarfin hita yana faɗuwa fiye da yadda boltej ya faɗi. Na auna wata rana da yamma na ga 180V. A haka hita mai 1900W abin da za ta bayar wajen 1160W ne, wato kusan kashi 60 cikin ɗari. Ranar Kawu ya kira ni ya ce na ɓata masa inji, minti arba'in bai wuce digiri 40 ba. Lafiyarsa ƙalau, wutar ce. Ƙaramin janareton nan na shago ba zai ko motsa ta ba, sai babba mai 3kVA zuwa sama, kuma a kashe firiji da famfon ruwa. Masu inbata kuma ku yi haƙuri. Batir ɗaya mai 200Ah a 12V abin da ke cikinsa 2.4kWh ne a takarda, kuma in irin mai ruwa ne rabi ake so ka ci. Awa ɗaya ta saunar nan ta fi ƙarfinsa. In kana so ka gane da kyau, batirin waya mai 5000mAh yana ɗaukar wajen 19Wh. Awa guda tana aiki cikakke daidai take da ka cika wayarka sau ɗari. A mitar kati kuwa kusan yunit biyu ne, ko ƙasa kaɗan tunda tana yankewa in zafin ya kai inda aka saita.

To, ga inda labarin yake.

Littafin bayanin rabi Turanci ne rabi rubutun Chaina, ina nuna masa Google Lens yana fassara mini. A shafi na biyu, kafin ma hotunan haɗawa, akwai gargaɗi. Masu ciwon zuciya, masu shan maganin hawan jini, masu ciki, yara, tsofaffi, duk su tambayi likita kafin su shiga. A fara da minti 10 zuwa 15. A sha ruwa kafin da bayan. In an ji jiri a fito nan take. Na karanta shi tas. Kuma na san Kawu yana shan maganin hawan jini, ni nake karɓo masa wani lokaci. Na ɗago kai zan yi magana, na gan shi yana shafa katakon yana murmushi, yana gaya wa maƙwabcinsa yadda zai daina zuwa wurin mai tausa. Sai na ji bakina ya yi nauyi. Yaya ɗan da aka saya wa bulowa zai kalli mai gida ya ce, "Kawu, kuna cikin tsofaffi da marasa lafiyan da aka ce kada su shiga"? Na ce a raina ai shi da ya shiga a Chaina ya fi ni sani. Na juya shafi. Har da ya tambaye ni yadda ake ƙara lokaci in agogon ya ƙare, na nuna masa maɓallin da hannuna. Abin da kawai na iya faɗa shi ne, "Kawu, ku riƙa shan ruwa."

Makonnin farko komai lafiya. Yana shiga bayan isha'i, ya fito ya yi barci kamar jariri, ya ce bayansa ya yi sauƙi. Ban musa masa ba, ɗumi yana sassauta tsoka, kakanninmu ma da tsumma da ruwan zafi suke gasa ciwo.

Abin da ya fara nuna alama wayarsa ce. Wata uku kacal da sayenta ya aiko mini da ita wai sikirin na ɗagawa ta gefe. Ina gani na san batir ne ya kumbura. Na buɗe na gan shi ya yi tulu kamar fanke. Na kira shi na ce, "Kawu, da waya kuke shiga?" Ya ce e mana, da me zai saurari labarai, kan benci yake ajiye ta kusa da faifan baya. Jama'a, wannan ku riƙe shi ko ba ku da sauna. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da ke tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran wayoyi ma kusan haka ne. Ciki kuwa 55 ne ko 60, ga waya baƙa tana shan infirared kai tsaye kamar an ajiye ta kan dashbod a rana. Mu da zafi muke buɗe waya, shi ke sassauta gam ɗin sikirin da na murfin baya. Wato kullum yana yi wa wayarsa rabin aikin da nake yi kafin in kwance ta, gam ɗin da ke hana ruwa shiga ma yana saki. In batirinka ya kumbura kada ka danne sikirin don ya koma, kada ka soke shi, kada ka ci gaba da caji. Kashe wayar ka kai a canja. Abin haushi, saunar tana da lasifika mai Bluetooth a rufinta. Na haɗa masa, na ce wayar ta zauna a waje kan kujera. Na iya yi masa faɗa a kan waya, don ita ce sana'ata, bakina bai yi nauyi ba ko kaɗan. Maganar jikinsa kuwa ranar ma ban yi ba.

Bayan kamar kwana goma, wajen sha ɗaya na dare, Hajiya ta kira. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce, "Ka zo, kawunka ya faɗi." Na ɗauki babur ko takalmi ban sa daidai ba. Na same shi a jingine da bango, goshi na jini, tawul a kai, idonsa a buɗe amma maganar da ƙyar. Ranar ya wuni a kasuwa, bai ci abin kirki ba, bai sha ruwa sosai ba saboda sanyi ba ya sa ƙishi. Ya saita 60, agogo ya ƙare ya ƙara, ya sake ƙarewa ya sake ƙarawa, kusan awa guda. Da ya miƙe zai fito sai ya ga duhu, ya tafi da goshi kan bakin ƙofa. Allah ya sa Hajiya ta ji ƙarar.

A asibiti aka yi masa ɗinki huɗu aka sa masa ƙarin ruwa. Likitan ya tambayi irin maganin da yake sha, aka nuna masa kwalin. Ya ce ɗaya daga ciki mai sa fitsari ne, dama yana rage ruwan jiki. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin jini, jini ya sauka. Ga gumi na awa guda. Da ya miƙe farat ɗaya, jinin bai kai ƙwaƙwalwa da wuri ba. Sai ya juyo ya ce, "Wa ya haɗa masa abin? Ba a rubuta gargaɗi a jikinsa ba?" Ɗakin ya yi tsit. A waje kuma na ji wani daga cikin dangi yana cewa ai wutar ce ta ja shi, an ba yaro mai gyaran waya aikin da ya fi ƙarfinsa. Wannan zan iya karewa, ina da hotuna, ga bireka ba ta faɗi ba. Sai dai wanda ya faɗa bai san ainihin laifin ya fi wanda yake zargina da shi ba.

Da safe da aka rage mutane na durƙusa gefen gadon na ce, "Kawu, akwai shafin da na karanta ban gaya muku ba." Na buɗe hoton a waya na karanta masa layi-layi da Hausa. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Da ka faɗa ranar, da na ce ka cika surutu." Ya ɗan yi shiru ya ƙara, "Amma da ka faɗa." Mahaifiyata kuwa ta yi kwana uku tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Na ɗauka zai ce a kwance a sayar. Bai ce ba. Ya koma wurin likitansa da littafin a hannu, aka ba shi sharuɗɗa, ni kuma na rubuta su da maka a kwali na liƙa a ƙofar. Digiri 45, minti 15, ba ƙari. Kofi biyu na ruwa kafin ya shiga, gora ɗaya a ciki. Ba ya shiga da yunwa, ba ya shiga da ƙoshi sosai, ba ya shiga in yana azumi ko yana jin zazzaɓi. In agogo ya ƙare ya buɗe ƙofa ya zauna minti biyu kafin ya miƙe. Kuma ba ya shiga sai da mutum a kusa. Hajiya, wadda ta fi kowa ƙin abin, ita ce yanzu ke zama a bakin ƙofa da carbinta da wayarsa a cinya. Wannan nasa ne, likitansa ya ba shi bayan ya duba shi. Kai naka likitan zai faɗa maka naka. Masu ciwon suga ku ƙara kula, don in jijiyoyin ƙafa sun fara mutuwa mutum zai iya ƙonewa a jikin faifan ƙasa bai ji ba.

Bidiyoyin tallan da ke yawo kuma, masu cewa tana fitar da guba, tana narkar da teɓa, tana maganin hawan jini, ni dai ba na tura su. Gumi yawancinsa ruwa ne da gishiri. Aikin tace jini na hanta ne da ƙoda. In ka hau sikeli bayan ka fito ka ga ka ragu, ruwa ne, kana sha zai dawo. Kada wani ya ajiye maganinsa saboda akwatin katako.

Kula da ita ba wuya, amma ƙurar garinmu da ɓerayenmu ba sa cikin lissafin kamfani. Ana shimfiɗa tawul a benci da ƙasa don gumi yana ɓata katako. In an fito a goge da tsumma mai ɗan damshi a bar ƙofa a buɗe ta sha iska. Ba a watsa mata ruwa, ba a sa mata sabulun wanki mai ƙarfi, ba a shafa fenti ko banish a ciki, don in ta yi zafi kai za ka shaƙi warin a rufe. Inda ya yi tabo, samfefa mai laushi ta isa. Turare ma na hana a sa a ciki, Hajiya ta so ta shiga da kasko. In ba a amfani da ita a kashe daga bireka, saboda fanel ɗinta ba ya jure irin wutar da ake kawowa da ƙarfi bagatatan. A riƙa leƙa ƙasanta da bayanta saboda gara.

Ni kuma duk wata ina hawa kujera in buɗe rufin, bayan na kashe wuta. In bushe ƙura da buroshi, in duba kowane filogi ko ya canja launi ko yana ƙauri. A wata na huɗu Kawu ya ce gefen hagu ba ya ɗumi. Na cire filogin faifan na sa mita a kan om. Lissafinsa: boltej sau boltej a raba da wat. Faifan 300W ne, 230 sau 230 a raba da 300 ya ba da wajen om 176. Na dama ya nuna kusa da haka, na hagu bai nuna komai ba, layi a yanke. Na fara tunanin yadda za a yi odar sabo daga Chaina, sai na bi kebul ɗin da hannu na tarar ɓera ya ci shi a bayan bango, har ya tara 'yan takardu zai yi gida a ɗumi. Aka canja kebul ɗin gaba ɗaya da mai jure zafi, ban yarda a ɗaure da salatif ba, aka toshe ramukan da ragar ƙarfe.

Satin da ya wuce maƙwabcin nan na Kawu ya zo shago. Ɗansa ya samo masa wata ta hannu a Amurka, tana hanya, yana so in haɗa masa. Na ce ya sa a turo hoton takardar akwatin wutar tukuna. Aka turo ta WhatsApp muna tsaye: 120V, 60Hz. Na yi masa bayani, ya ce ai sai a sayi tiransifoma, na ce sai mai girma sosai kuma sai mai gyaran wuta ya zo ya gani. Ya juya zai tafi, ya kai bakin layi, na kira shi.

Na ce, "Alhaji, ku yi haƙuri da tambayar. Kuna shan wani magani kullum?"

Ya tsaya ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Kai likita ne?" Na ce a'a. Ya ce, "Guda biyu nake sha." Na jawo masa kujerar kwastoma, na ce yaron ya sayo masa ruwa, na buɗe hoton shafi na biyu.